Fitilar kafa tana kore amma sabar ta ɓace: me ke sa layin ko-ta-kwana ya karɓi aiki?

"Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata sabar Linux mai katin netwok biyu. Na haɗe su a bond0 da tsarin active-backup, na sa miimon=100, kowane kati yana zuwa suwici daban. Ranar da na kafa ta na zare waya na gwada, nan take ɗaya katin ya karɓa. Makon jiya wayar da ke haɗa suwici na farko da sauran netwok ta samu matsala, sabar ta ɓace kusan minti 40. Da na shiga ta konsol sai na tarar bond0 yana cewa komai lafiya, bai sauya ba. Don Allah me ke sa sabar ta gane layi ya mutu, kuma me ya hana ta ganewa a nan?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: me sabar take kallo kafin ta yanke cewa layi ya mutu, kuma me ya sa abin da ya same ka bai shiga cikin abin da take kallo ba. Zan fara da maganar da wataƙila ba za ta yi maka daɗi ba. Bond ɗinka, wato haɗin katunan biyu su zama kamar ɗaya, ɗaya yana aiki ɗaya yana ko-ta-kwana, lafiyarsa ƙalau, aikin da ka ɗora masa shi ya yi. Da miimon=100 ka ce ya riƙa duba, duk milisakan 100, ko wayar da ke tsakanin kati da suwici (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) tana raye, ya duba sau goma a kowane sakan har tsawon minti 40, kuma duk dubawa amsar gaskiya ya samu, domin wayar tana raye. Abin da ya mutu yana can bayan suwicin, inda ba ka ba shi idon da zai hango ba.

Abin da miimon yake gani

A cikin kowane katin netwok akwai ɗan guntun da ke magana da waya kai tsaye, masu sana'ar suna ce masa PHY. Shi da takwaransa na cikin suwici ba sa yin shiru ko da babu bayanan da za a aika. A tsohon Ethernet mai gudun megabit 10, ɗan bugun lantarki suke aika wa juna kusan kowane milisakan 16. Daga megabit 100 zuwa sama, siginar ba ta yankewa ko kaɗan, idan babu kaya sai a cika layin da alamomin zaman banza. A faiba kuwa haske ne, ko yana isowa ko ba ya isowa. Muddin PHY yana jin takwaransa, zai ɗaga tutar cewa layi yana raye, kuma wannan tutar ce koren fitilar da kake gani a bayan sabar.

Sunan miimon daga MII ya samo asali, wato hanyar da aka tsara a ƙa'idar IEEE 802.3u ta 1995 don kati ya riƙa tambayar PHY halin da yake ciki. A yau direban bond ba ya yawan zuwa ya karanta PHY da kansa. Direban katin ne ke sanar da kanel, wato zuciyar Linux, cewa sigina ta zo ko ta tafi, shi kuma bond ya leƙa wannan bayanin duk bayan milisakan ɗin da ka rubuta. Da hannunka ma za ka iya leƙawa a /sys/class/net/eth0/carrier, 1 yana nufin akwai, 0 babu.

Idan ka lissafa lokacin da sauyawa ke ci a wannan hanyar, kashi na farko na PHY ne, kuma a nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Faiba tana gane yankewar haske kusan nan take. Wayar tagulla mai gudun gigabit ɗaya kuwa, ƙa'idarta ta ce PHY ya ɗan jira ko siginar za ta dawo: milisakan 350 a gefe ɗaya, 750 a ɗaya gefen, gwargwadon wanda ke riƙe da agogon layin. Bayan wannan sai ka ƙara abin da bai wuce milisakan 100 na miimon ba, sai downdelay, wato ƙarin jira kafin a ɗauka layi ya mutu, idan ka sa shi. Shi ya sa mai rage miimon zuwa 10 a kan wayar tagulla yake wahalar banza, ba a nan jinkirin yake ba.

To, wannan hanyar tana kama zarewar waya, mutuwar kati, ɗaukewar wutar suwici, da kashe kafa, wato ramin da ake soka waya, daga ɓangaren suwici. Duk gwajin da ka yi ranar farko a cikin waɗannan yake, shi ya sa ya yi maka kyau. Abin da ba ta kamawa ya fi yawa. Suwici zai rasa wayarsa ta sama, kamar naka. Wani zai cire VLAN ɗinka, wato yankin netwok da aka ware maka a cikin suwici, daga kafar bisa kuskure. Ƙwaƙwalwar suwici za ta daskare alhali kafofinsa suna kunne. Ko a ce akwai akwatin da ke juya tagulla zuwa faiba a tsakani, faibar ta yanke, akwatin ya ci gaba da nuna wa sabar fitila kore. A duk waɗannan, kallon kitse bond yake yi wa rogo.

Tambayar da ke wuce suwici

Ka ɗauki misalin kiran waya. Ganin alamar sabis a fuskar wayarka abu ne daban, jin muryar wanda ka kira abu ne daban. miimon alamar sabis yake dubawa. Idan kana so ka tabbata ana jin ka, dole ka ce "kana ji na?" ka jira amsa. A direban bond na Linux wannan shi ne sa ido ta hanyar ARP, wato tambayar da na'ura ke watsawa a netwok ta "wa ke da wannan adireshin IP?". Ka ba shi adireshin IP ɗaya ko fiye a arp_ip_target, har guda 16 yana karɓa, ka faɗa masa tazarar tambaya a arp_interval. Katin da ke kan aiki zai riƙa aika tambayar ARP zuwa adireshin. Idan zagaye biyu suka wuce babu amsa, sai a ɗauka layin ya mutu, a miƙa aiki ga na ko-ta-kwana. Biyun nan ita ce ƙimar asali, a sababbin kanel kana iya canza ta da arp_missed_max. Da tazarar sakan ɗaya, ka sa ran sauyawa cikin sakan biyu zuwa uku. Ga masu IPv6 zalla akwai ns_ip6_target, aikinsu ɗaya.

Da wannan kake da shi makon jiya, kuma adireshin da kake tambaya yana bayan suwicin, da sabar ta sauya cikin 'yan sakanni. Sai dai kada ka yi gaggawar kunnawa ka tafi, domin a nan ne na fi ganin an gudu ba a tsira ba.

Tarko na farko shi ne arp_validate. Idan ka bar shi a ƙimarsa ta asali, wato none, bond ba ya tantance ko abin da ya shigo amsar tambayarsa ce. Kowane fakiti ya faɗo kan katin, shaida ce a wurinsa cewa layi yana raye. Yanzu ka tuna halin da ka shiga: suwici ya rasa wayarsa ta sama, amma sauran sabobin da ke jikinsa suna nan, kuma da hanya ta yanke sai surutunsu ya ƙaru, kowacce tana ta watsa tambayar ina rauta, wato na'urar da ke fitar da kaya zuwa wasu yankunan netwok. Wannan surutun yana isa katinka, bond ya ji motsi ya ce lafiya lau. Na taɓa kwana a kan irin wannan a wani wurin da na yi aiki. Sabobi da yawa a suwici ɗaya, duk da sa ido na ARP, duk suna tambayar rauta ɗaya. Da hanyar sama ta yanke, tambayar kowacce ta zama shaidar rai ga maƙwabciyarta, babu wadda ta motsa. Sai da na buɗe tcpdump, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, a kan katin na ga tambayoyi suna ta zuba babu amsa ko ɗaya, sannan na gane. Tun daga ranar, arp_validate=all nake sawa a active-backup, wato a tantance a kan katunan biyu, ko aƙalla active, a kan mai aiki kawai.

Ka san kuma yadda ake duba katin ko-ta-kwana a wannan tsarin. Shi ba ya aika komai. Saurare yake yi ko zai ji tambayar da ɗan'uwansa ya watsa ta zagayo ta cikin netwok ta iso gare shi. Idan suwicinka biyu ba su haɗu a VLAN ɗaya ba, ba zai taɓa ji ba, sai ka riƙa ganinsa a matsayin matacce alhali lafiyarsa ƙalau.

Tarko na biyu shi ne zaɓen wanda za a tambaya. ARP ba ya tsallake rauta, saboda haka adireshin dole ya kasance a yankin netwok ɗaya da sabar. Kada ka zaɓi adireshin suwicin da kake jone da shi, ko wata sabar da ke jikinsa, domin za su amsa ko da hanyar sama ta mutu. Rauta ita ce zaɓin da aka saba. Amma idan ita kaɗai ka sa, ranar da aka sake kunna ta sabobinka duka za su ɗauka layukansu sun mutu, su shiga tsalle daga wannan kati zuwa wancan suna neman wanda ba ya nan. Sa biyu ko uku a wurare daban. A ƙimar asali ta arp_all_targets, amsar ɗaya daga cikinsu ta wadatar, kuma haka ya dace a bar shi a yawancin lokuta. Idan rautocinka biyu ne da VRRP, wato suna raba adireshi ɗaya don ɗaya ta karɓi ɗaya, ni adireshin kowacce na kanta nake sawa, domin adireshin da suke rabawa yakan yi shiru na kimanin sakan uku yayin da ɗaya take karɓa daga ɗaya, kuma wannan shirun kaɗai ya isa ya tayar da bond.

Wasu iyakoki biyu da ya kamata ka sani tun yanzu. Ba a haɗa miimon da arp_interval a bond ɗaya, kunna ɗaya kashe ɗaya ne. Ke nan idan ka koma ARP, zarewar waya da a da take cin ƙasa da sakan ɗaya za ta iya komawa cin biyu. Sannan tambayar tana tafiya ne a VLAN ɗin da adireshin yake. Idan sabarka tana ɗauke da VLAN biyar aka cire na huɗu daga kafar, babu wanda zai sani sai masu amfani sun kira ka.

LACP fa?

Na san wani zai ce maka ka bar active-backup ka koma 802.3ad, matsalarka ta ƙare. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. LACP, yarjejeniyar da tsarin 802.3ad ke amfani da ita wajen ɗaure wayoyi su zama layi ɗaya, ya fito a ƙa'idar IEEE 802.3ad a shekarar 2000, aka mayar da shi ƙarƙashin 802.1AX a 2008. Sabar da suwici suna aika wa juna ɗan saƙo a kan kowace waya, ko dai duk sakan 30 ko duk sakan ɗaya. Wanda ya rasa saƙo uku a jere sai ya cire wayar daga cikin haɗin, wato bayan sakan 90 ko sakan 3. Linux a kan mai jinkirin yake zuwa, sai ka rubuta lacp_rate=fast da kanka. Kuma ka lura, wannan saitin roƙo ne ga ɗaya ɓangaren ya riƙa aiko maka da sauri, don kai ka gane da wuri. Idan kana so suwici shi ma ya gane da wuri, sai an saita nasa gefen.

Amfanin LACP shi ne amsar daga ƙwaƙwalwar suwici take fitowa. Suwicin da ya daskare, akwatin juya faiba a tsakani, layin da ke tafiya ta gefe ɗaya kawai, wayar da aka soka a kafar da ba tata ba, duk yana kama su. Amma maganarsa a suwicin farko take tsayawa. Suwicin da ya rasa hanyar sama zai ci gaba da gaisawa da sabarka cikin fara'a. Kuma ba za ka iya ƙara masa ARP ba, Linux ba ya yarda da sa ido na ARP a 802.3ad, haka ma a balance-tlb da balance-alb.

Abin da ke sa masu LACP ba sa yawan faɗawa ramin da ka faɗa shi ne, don a yi shi a kan suwici biyu dole su biyun su zama kamar ɗaya, ko ta hanyar jera su wuri guda ko ta MLAG, wanda Cisco ke kira vPC a na'urorinta na Nexus. A irin wannan tsarin akwai waya ta musamman tsakaninsu, idan ɗaya ya rasa hanyar sama sai kaya su bi ta ɗan'uwansa. Ka ga tsarin suwicin ne ya yi maganin. Idan naka biyun ba su san juna ba ka kunna 802.3ad, Linux zai ware su gida biyu ya yi amfani da ɗaya, ka dawo inda ka fito.

Gyaran da na fi so

Da ni ne, kuma ina da iko da suwicin, a can zan fara gyara. Yawancin suwici na ma'aikatu suna da wani saiti da ke cewa: idan duk wayoyina na sama suka mutu, in kashe kafofin sabobi da gangan. Cisco na kiransa Link State Tracking, Juniper na kiransa Uplink Failure Detection. Da shi, mutuwar da ke nesa tana zama mutuwar da miimon ke gani. Suwici ya kashe kafa, fitila ta mutu, bond ya sauya cikin ƙasa da sakan ɗaya, ba ka taɓa komai a sabar ba. Saiti ɗaya ya rufe duk sabobin da ke jikin suwicin, har da waɗanda za a kawo gobe wani ya manta da arp_validate. Iyakarsa ita ce shi ma fitila yake kallo, ta wayar sama. Idan ɓarnar tana hawa biyu gaba, ko wayar sama tana kunne amma ba ta wuce da kaya, bai gani ba.

Saboda haka ga yadda nake yanke hukunci. Suwici biyu masu MLAG: 802.3ad da lacp_rate=fast da miimon=100. Suwici biyu da ba su san juna ba amma nawa ne: active-backup da miimon, tare da bin sawun wayar sama a suwici. Suwicin da ba ni da iko da shi: ARP mai tantancewa, da adireshi biyu ko uku. Daga bayaninka kana cikin na biyu ko na uku.

Akwai hanya ta huɗu da manyan cibiyoyin bayanai suke bi, su bar bond gaba ɗaya. Kowane kati da adireshinsa, sabar tana magana da kowane suwici ta BGP, yaren da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, misali da manhajar FRRouting, ana sa ido da BFD. BGP shi kaɗai mai nawa ne, ƙa'idarsa ta ba da shawarar jiran sakan 90, Cisco ma 180 take sawa. BFD, wanda aka wallafa a RFC 5880 a 2010, gaisuwa ce mai sauri ƙwarai: idan kun yarda a kan milisakan 300 sau uku, cikin ƙasa da sakan ɗaya an gane. Kyawun wannan tsarin shi ne suwicin da ya rasa hanyar sama yakan janye hanyoyin da yake tallatawa, sabar ta daina bi ta kansa da kanta. Amma don sabar ɗaya ko biyar, ban ba ka shawarar ɗaukar wannan kayan ba.

Aikina ya fi yawa a Linux, amma matsalar ba ta Linux ba ce. A VMware ESXi, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a cikin sabar ɗaya, zaɓi biyu za ka tarar, kallon fitila kawai ko Beacon Probing, inda katunan suke aika wa juna saƙo. Na biyun sai da kati uku yake da ma'ana, domin idan biyu ne suka daina jin juna babu mai raba gardamar wanene ya kurmance. IPMP, takwaran bond a tsarin Solaris, tun da daɗewa yake aika tambaya ta ICMP, wato irin ta ping, da lokacin ganewa na sakan 10 a asali.

Bayan an sauya

Ganewa rabin aiki ne. A active-backup katunan biyu adireshin MAC ɗaya, wato lambar da suwici ke gane kati da ita, suke amfani da shi, kuma kowane suwici a netwok ya riga ya rubuta a teburinsa cewa wannan MAC ta kafa kaza ake samunsa. Idan ba a gaya musu ya tashi ba, za su ci gaba da kai saƙo tsohon gida har rubutun ya tsufa, wanda a yawancin suwici sakan 300 ne. Don haka da zarar bond ya sauya, yakan watsa sanarwar ARP wadda ba wanda ya tambaya, kowa ya ji ya gyara teburinsa. Guda ɗaya yake aikawa a asali. Idan ta faɗi a daidai lokacin da netwok yake cikin ruɗani, shi ke nan, sai sabar ta yi wata maganar kafin a san inda take. Ni nakan ɗaga num_grat_arp zuwa 3 ko 5, ba ya cin komai. Idan kuma sabar tana ɗauke da kwamfutocin gaibu (virtual machines) a kan gadar Linux (bridge), ka sani sanarwar adireshin uwar kawai take rufewa. Kwamfutar gaibu mai shiru za ta iya ɓacewa har sai ta yi magana. ESXi da Open vSwitch suna aika sanarwar RARP a madadin kowacce saboda wannan dalilin.

Sai dawowa, wadda a ganina ta fi tafiya haɗari. Idan ka naɗa wani kati a matsayin primary, ƙimar asali ta primary_reselect ita ce always, wato da ya farfaɗo a mayar masa da aiki. Suwicin da aka sake kunnawa kuwa yakan kunna fitilun kafofinsa tun kafin ya shirya wuce da kaya. Idan kafar tana bin tsohon STP, ƙa'idar da ke hana kaya zagaye babu iyaka a tsakanin suwici, sakan 15 na saurare da 15 na koyo za ta yi, sakan 30 ke nan tana kore ba ta wuce da komai. Sabar tana zaune lafiya a layi na biyu, sai ta ga kore ta ruga ta faɗa rami. Ana murnar suwici ya dawo, sai ga yankewa ta biyu. Maganin uku ne kuma duka nake yi: a saita kafar sabar a matsayin ta gefe, abin da Cisco ke kira PortFast, a sa updelay, wato jiran da bond ke yi kafin ya yarda layi ya dawo, mai tsawo, ko da sakan 30 ne ko fiye, gwargwadon yadda ka auna suwicinka, a mayar da primary_reselect zuwa failure don kada a koma sai na yanzu ya mutu. Kada tsawon updelay ya tsorata ka, idan babu wani layi mai rai bond yana watsar da jiran ya kama na farkon da ya taso. Ka dai rubuta shi a ninkin miimon, in ba haka ba za a rage shi zuwa ninki mafi kusa. Shi updelay da downdelay da miimon kaɗai suke aiki.

downdelay kuwa ina barinsa a 0 sai in layin mai ƙyaftawa ne. Kuma layi mai ƙyaftawa waya ko kan faiba yake so a canza masa, jinkiri ɓoye ciwon kawai yake yi.

Me ya sa nake damuwa da bambancin sakan ɗaya da sakan 30? Saboda TCP, ƙa'idar da yawancin haɗin manhajoji ke tafiya a kanta. Haɗin da ke buɗe ba ya mutuwa don an sauya kati, tunda IP bai canza ba. Amma idan fakiti ya ɓace, Linux yakan jira kimanin milisakan 200 ya sake aikawa, in bai samu amsa ba ya ninka jiran, ya sake ninkawa. Ka tara su: gwaji yana faɗowa a kusan sakan 0.2, 0.6, 1.4, 3, 6, 12, 25, sai 51. Yankewar sakan ɗaya za a ji ta kamar ɗaya da rabi. Yankewar sakan 30 kuwa ta wuce gwajin 25, haɗin zai zauna shiru har 51 duk da hanya ta daɗe da dawowa. A cikin wannan tazarar ne rumbun bayanai da tarin sabobi masu sauraron bugun zuciyar juna suke yanke cewa ɗan'uwansu ya mutu, su fara rabon gadonsa yana raye.

Yadda za ka tabbatar

Duk abin da na faɗa a kan naka lamarin daga bayaninka na ɗauko shi, saboda haka ka fara da tabbatarwa. Buɗe /proc/net/bonding/bond0 ka dubi Link Failure Count na katin farko, sannan ka nemi layin da ke cewa "link status definitely down" a rajistar kanel ta ranar. Idan babu shi a lokacin da abin ya faru, bond bai ga komai ba, maganata ta tabbata. Idan kuwa akwai shi, har da layin da ke nuna an ɗora ɗaya katin, to sauyawa ta faru kuma ɓarnar tana gaba: ko sanarwar ARP ba ta isa ba, ko suwici na biyu ta cikin na farko yake fita. Wannan na ƙarshen na sha ganinsa, a zane suwici biyu ne, a zahiri hanyar fita ɗaya ce, kuma babu saitin bond da zai yi maganinsa.

Bayan ka gyara, kada ka gwada da ip link set eth0 down. Wannan kai ne ka gaya wa kanel da bakinka, ba ta gano komai ba. Ka nemi lokacin da aka amince a taɓa netwok, ka bar ping yana gudu daga wata na'ura a wani yankin netwok da tazarar 0.1, yadda kowane fakiti goma da suka ɓace sakan ɗaya ne. Daga waje nake so ka yi shi, domin ping da ke fita daga sabar yana koya wa suwici sabon wurinta, ya rufe maka matsalar sanarwa. Sai ka zare wayar sabar ka ƙirga. Ka mayar ka ƙirga, don dawowa ma gwaji ce. Ka kashe wayar saman suwici na farko, wato ainihin abin da ya same ka. Ka cire VLAN daga kafar. Idan faiba ce, ka zare silin ɗaya ka bar ɗaya. Daga ƙarshe ka sake kunna suwicin gaba ɗaya, ka zauna har ya gama tashi, domin yankewa ta biyu takan zo bayan minti biyu ko uku, lokacin da kowa ya riga ya miƙe. Ka maimaita duka a suwici na biyu alhali shi ke ɗauke da aikin, ka rubuta adadin da ya ɓace a kowane gwaji. Idan ka samu lambobin, turo min su tare da abin da ke cikin /proc/net/bonding/bond0 da irin suwicin da kake da shi, mu zaɓi updelay ɗin da ya dace da shi.